Bi Sawun Wutar Kafin Ka Taɓa Aljihu

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi ƙwarai da ka ƙi sallama babur ɗin mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ga masu sayen ƙarfe a kilo. Sai dai sauran bayanin bai kwanta mini ba. Ka ce ka sayi fulogi, ka sayi kwayil, yanzu kuma wani ya ba ka shawarar sayen kabureta, har yau babur bai ce uffan ba. Ka dakata haka nan. Kada ka ƙara fitar da ko kwabo sai ka gama karanta wannan takarda.

Abin da ke hannunka Honda CG125 ne na farko-farko. Kamfanin ya fito da shi a 1975, ya kuma ƙera shi ne da ƙasashe irin namu a ransa, inda ake ɗora wa babur kaya fiye da ƙima, a manta da juyen baƙin mai. A shekarun nan, bayan kuɗin Udoji sun shiga hannun ma'aikata, malaman makaranta da akawuna da malaman gona suka cika tituna da Honda da Vespa da Suzuki A100 da Yamaha YB100. A kansu muka koyi aiki. Falalarsu ita ce babu wani abu a harkar wutarsu da ba za ka iya gani da idonka, ka taɓa da yatsanka ba. Saboda haka canza kaya da ka, a kan irin wannan babur, asara ce da kuma rashin girmama aikin da aka yi masa.

Fara da tabbatar da cewa matsalar ta wuta ce. Inji na buƙatar mai, da matsi, da wuta a kan lokacinta. Babur ɗin da ya shekara da shekaru a jingine a zaure, fetur ɗin cikinsa ya riga ya lalace. Ka buɗe tanki ka shinshina, in ka ji tsami-tsami kamar tsohon fenti, ka zubar, ka wanke kofin kabureta, ka zuba sabo. Sannan ka cire fulogi, ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya taka maka kik da makulli a kashe. In iska ta ture yatsanka da ƙarfi, matsi na nan. Wannan ba ya cin minti biyar, amma yana raba ka da wahalar mako guda.

Yanzu ga yadda wutar take zuwa, don wanda bai san hanyarta ba ba zai san inda ta tsaya ba. A bayan murfin hagu na injin akwai faifan ƙarfe mai nauyi da muke kira maganeto, an jera maganaɗisu a cikin bakinsa. Idan ka taka kik, faifan ya juya, maganaɗisun ya wuce ta gaban wani ƙaramin naɗin waya, sai wuta ta samu. A nan ciki kuma akwai kwantak, wasu 'yan bakunan ƙarfe biyu da ke haɗuwa suna rabuwa yayin da injin ke juyawa. A daidai lokacin da suka rabu ne kwayil ɗin da ke ƙarƙashin tanki yake ɗaukar 'yar wutar nan ya ɗaga ta zuwa volt dubbai, domin a cikinsa naɗi biyu ne, ɗaya mai kaurin waya da zagaye kaɗan, ɗaya siriri mai zagaye dubbai. Daga nan wutar ta bi kakkaurar waya zuwa hular fulogi, ta tsallaka tazarar bakin fulogin, ta kunna man. Akwai kuma kwandansa, ɗan gwangwanin da bai kai yatsa tsawo ba, aikinsa ya shanye wutar da ke neman tsallake kwantak lokacin buɗewarsa. Dabarar tsohuwa ce. Tun 1902 Gottlob Honold, injiniyan Bosch a Jamus, ya haɗa maganeto mai ƙarfin wuta da fulogi, kuma abin da ke cikin babur ɗinka jikan wancan ne.

Yadda za ka yi bincike shi ne yadda mai lambu yake yi in ruwa bai iso fangalinsa ba: ba ya zuwa ya haƙa sabuwar rijiya, yana bin hanyar ruwan ne daga fangalin zuwa baya, taki-taki, har ya ga inda ta toshe ko ta ɓalle. Kai ma daga fulogi za ka fara, ka koma baya. Kuma abu ɗaya za ka taɓa a lokaci guda, ka gwada, sannan ka wuce. Wanda ya kwance abu huɗu a tare, ko babur ya tashi bai san me ya gyara ba, in kuma bai tashi ba bai san wanne ya ƙara ɓatawa ba.

Fulogin babur ɗinka NGK D8EA ne, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Ka cire shi, kafin ka goge komai ka duba shi da kyau a haske, domin shi kaɗai ne ya shiga cikin injin ya dawo da labari. In ya fito a bushe ƙayau bayan ka sha taka kik, mai ne ba ya isowa, ka bar wuta ta huta. In ya fito jiƙe da fetur, mai na zuwa amma ba ya kamawa. Baƙin toka mai laushi na nuna mai ya fi iska yawa, ko cok a rufe, ko soson iska ya toshe da ƙura. Baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke hawowa, ringi ya gaji. Masu YB100 da A100 sun san wannan sarai, domin injinsu yana ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa ba ka raba su da fulogi na biyu a aljihu. Fari fat da alamar ƙuna shi ne abin tsoro, injin na ɗaukar zafin da ya wuce kima. Launin da ake so shi ne ruwan ƙasa-ƙasa.

Sai ka mayar da fulogin cikin hularsa, ka jingina zarensa a jikin ƙarfen injin, nesa da ramin da ka cire shi, domin tururin fetur na fita ta nan, kuma na ga gashin girar mutum ya tafi a haka. Riƙe ta roba, ba ta ƙarfe ba. Ka ja babur inuwa ko cikin ɗaki, hasken rana na ɓoye wuta. Kunna makulli, a taka.

A nan ne mafi yawan mutane ke ruɗuwa, ina so ka natsu. Za su ga ɗan tartsatsi ja-ja ya ƙyafta, su ce ai wuta na nan, su koma kan kabureta su kwance ta sau goma. Ba su san cewa tsallake rabin milimita a sarari abu ne mai sauƙi ba. A cikin silinda, inda fistan ya matse iska, tsallakewar tana neman ƙarfi ninki-ba-ninki, wutar da ta yi maka ƙyaf a waje tana iya mutuwa murus a ciki. Gwajin gaskiya shi ne ka murɗe hular fulogi ka cire ta daga wayar, ka riƙe bakin wayar da filaya mai hannun roba kimanin milimita 6 daga jikin injin. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tana tsallake wannan tazara da ƙara, ƙyas, har kunnenka ya ji. In ta yi haka a bakin waya amma ba ta yi a fulogi ba, ka gama bincike: ko hular ce, ko fulogin. Cikin hular akwai wani ɗan abu mai rage hayaniyar wuta, a mita yakan nuna wajen om 5,000, yana kuma mutuwa da tsufa. Ka duba bakin wayar ma. In tagullar ta yi kore ko baƙi, ka datse santimita ɗaya ka sake murɗa hular a kan sabon wuri. Kuma kada ka ce ai fulogin sabo ne. Jabu ya yi yawa a kasuwa, na sha zare sabo daga kwali ya ƙi ba da wuta.

In kuwa a bakin wayar ma shiru, mataki na gaba makulli ne, ba kwayil ba. A babur mai maganeto, makulli ba ya ba da wuta, kashe ta yake yi: in ka murɗa shi zuwa kashewa, yana haɗa wayar kwantak da jikin ƙarfen babur, wutar ta zube. To in tsatsa ko danshi ya shiga makullin, ko wayar ta goge a wani wuri tana taɓa ƙarfe, babur ɗinka a kashe yake ko da makulli na kunne. A yawancin Honda wayar nan baƙa ce mai ratsin fari, koriya kuma ita ce mai komawa jikin ƙarfe. Ka zare baƙar mai ratsin fari daga inda ta haɗu da makulli, ka sake gwadawa.

Wani malamin makarantar ƙauye ya taɓa turo mini nasa, ya gaji har ya fara cewa hannu aka sa masa. Babur na tafiya lafiya lau a miƙaƙƙiyar hanya, da ya karya kan zuwa hagu sai ya mutu. An canza masa kwayil da kwantak a wani gareji, abin bai daina ba. Na tayar da shi a tsaye, na riƙa juya kan a hankali, yana kaiwa wani wuri sai injin ya ɗauke. Da na yaye baƙar robar da ta naɗe wayoyi a wuyan babur, sai ga wayar nan ta goge, tagullarta na sheƙi, faɗin wurin bai kai ƙwayar gero ba, ga kuma tabonta a jikin ƙarfe inda take ta gugar fenti. Salatif na 'yan kwabbai ya gama aikin. Bawan Allah ya tsaya yana kallon wurin, ya kasa magana, don albashinsa na wata ya riga ya tafi a kan kayan da lafiyarsu ƙalau. Irin wannan ne nake guje maka. Ɓera ma na yin nasa a babur ɗin da ya daɗe a ajiye, ka bi kowace waya da yatsa.

Daga nan sai kwantak, kuma ina kyautata zaton a nan matsalarka take. Ka cire murfin hagu, za ka ga tagogi a jikin maganeto, ta nan ake leƙa shi. Babur in ya daɗe bai yi aiki ba, wani fari-farin datti yana rufe bakunan, su haɗu a ido amma wuta ba ta wucewa. Ka naɗe sanfefa mai laushi ƙwarai gida biyu, ka zura tsakaninsu ka ja kaɗan, ba wai ka cinye ƙarfen ba. Sannan ka sa farar takarda mai tsabta da ɗigon fetur, ka ja, ka sake ja da busasshiya har ta fito fara tas. Kada ka tsallake wannan; ƙwayar yashi ɗaya daga sanfefar ta isa ta hana su haɗuwa. In ka ga maiƙo a wurin, robar da ke tare baƙin mai a bayan maganeto ta saki, kuma ko ka goge zai dawo sai an canza ta.

Sai ka juya maganeto da hannu har kwantak ya buɗe iyakar buɗewarsa, ka auna da filageji: milimita 0.3 zuwa 0.4. Da yawan aiki 'yar dunduniyar kwantak da ke hawa kan tudun da ke buɗe shi tana cinyewa, tazarar ta riƙa raguwa har ta kusa rufewa, babur ya yi ta wahalar tashi da safe ba a san dalili ba.

Tazarar nan kuma ita ce ke riƙe da taimin. A jikin maganeto akwai haruffa biyu, T da F, da wani tsagi a jikin injin da ake daidaita su da shi. T na nuna fistan ya kai ƙololuwa, da shi ake saita bawul. F yana zuwa kafin T, shi ne na wuta, domin mai yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya gama kamawa, dole a kunna shi tun fistan bai ƙarasa sama ba. Yadda muke yi tun babu na'ura: ka sa siririyar takarda, irin ta cikin kwalin taba, tsakanin bakunan kwantak, ka riƙe ta da ɗan ja, ka juya maganeto a hankali yadda injin ke juyawa, wato saɓanin tafiyar agogo. Lokacin da takardar ta saki hannunka, ya kamata F ya zo daidai tsagin. In ta saki tun F bai iso ba, wuta ta yi sauri, ka rage tazarar. Irin wannan babur ne ke dukan ƙafa da kik, yana ƙwanƙwasa, yana zafi. In sai F ya wuce ta saki, wuta ta makara, ka ƙara tazarar. Shi ne babur marar ƙarfi mai harbi ta salansa. In ka kasa samun F ba tare da ka fita daga 0.3 zuwa 0.4 ba, kwantak ya ƙare, yanzu kana da hujjar sayen sabo. Ka yi ta maimaitawa har hannunka ya gane, domin ɗaure sukurun kwantak kaɗai na iya gusar da shi.

Kwandansa ba ya nuna ciwonsa a jiki, sai dai a jikin kwantak. Da dare ko a ɗaki mai duhu, ka leƙa tagar maganeto ana taka kik. Ɗan ƙyalli kaɗan ba komai ba ne. Amma in ka ga wuta na fallatsa sosai a bakin kwantak, ta fulogi kuma ta yi rauni, ga bakunan sun yi rami a ɗaya da tudu a ɗaya, kwandansa ya gaji. A wasu yana cikin maganeto, a wasu yana manne da kwayil. Ba shi da tsada, kuma in za ka sa sabon kwantak, ka haɗa da shi, don kada tsohon ya ƙone maka sabon.

Kwandansa da kwayil suna da wata ɗabi'a da ke wahalar da mutane: su yi aiki da sanyi, su ƙi da zafi. Babur ya tashi da safe kamar ba shi da komai, a yi tafiyar 'yan kilomita ya fara tari ya mutu, a huta a gindin bishiya ya sake tashi. In ka kai shi gareji a sanyaye babu abin da za a gani. Sai ka riƙa yawo da sifanar fulogi, inda ya mutu nan take ka gwada wuta tun yana da zafi. Amma ka fara buɗe murfin tanki ka saurara. In ka ji iska ta shiga da ƙara, ɗan hujin murfin ne ya toshe, mai ya daina sauka, wuta ba ta da laifi.

Game da kwayil ɗin da ka saya, ina so ka ciro shi ka mayar da tsohon, in ba ka jefar ba. Kwayil ba iri ɗaya ba ne. Akwai na maganeto da kwantak, akwai na batir, akwai na CDI, kuma yawancin abin da ke shaguna yau na CDI ne, tunda shi ke kan baburan da ake hawa yanzu. Yaron shago zai ji ka ce CG ya miƙo maka na zamani da zuciya ɗaya, ramukan ƙusa su yi daidai, wuta kuwa ta ƙi. Inda kwayil ke ɗaure da jikin babur ma ka kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya fito, don ta nan wutar ke komawa.

Za ka ji masu cewa batir ne. A naka ba batir ba ne. Batirin volt 6 da ke jikinsa na oda ne da sigina, ko babu shi babur zai tashi, sai dai kada ka yi ta yawo haka, ƙwayayen fitila za su riƙa ƙonewa. Masu wannan magana Honda CD175 suke tunawa, mai silinda biyu, wanda wutarsa daga batir take. Shi kam in batir ya yi sanyi ko fis ya tsinke, sai turi, kuma in aka bar makullinsa a kunne injin ba ya aiki, kwayil na iya dahuwa. Ka san irin tsarin da ke gabanka kafin ka karɓi shawarar kowa, har da tawa.

Saura abu guda mai ɓoyon kansa. Wuta shuɗiya ƙyas-ƙyas, mai na zuwa, matsi na nan, F ya yi daidai, amma babur sai ya yi atishawa ko ya dawo da kik. Akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata da ke riƙe maganeto a wurinsa a kan sandar injin. In an taɓa cire maganeto ba a ɗaure notinsa da kyau ba, ƙarfen nan yakan yanke, faifan ya zame, alamomin jikinsa duk su koma ƙarya. Ganewa ba wuya: ka cire fulogi, ka zura tsinke mai tsabta a ramin, ka juya har fistan ya kai ƙololuwa, ka ga ko T ya zo kan tsagi. In bai zo ba, sai an cire maganeto. Ina roƙonka, da fula, ƙarfen da ake jawo shi da ita, ake cire shi, kuma zarenta na hagu ne. Kada ka bari kowa ya sa masa guduma. Duka na raunana maganaɗisu, yana iya lanƙwasa sandar injin, kuma maganeto na asali irin wannan ko a Panteka ta Kaduna sai an sha yawo kafin a same shi.

Wajen mayar da fulogi, da yatsu za ka fara ɗaura shi har ya zauna, sannan sifana ta ƙara kamar rabin juyi in sabo ne, ƙasa da haka in tsoho ne. Kan silinda alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfin tuwo. Ɗan soson da ke shafar tudun kwantak ka ɗiga masa mai ɗigo ɗaya, kada ka ƙara.

In ka bi duk wannan wuta ba ta zo ba, abin da ya rage shi ne naɗin wayar da ke cikin maganeto. Kada ka ba kowa ya sake naɗa shi tukuna, ka kwanto farantin da naɗin yake kai gaba ɗaya ka kawo mini, ina da mita, mu auna tare. In kuma ya tashi, kamar yadda nake sa rai in Allah ya yarda, kada murna ta kai ka titi ranar. Ka juye baƙin mai, ka duba birki gaba da baya, tayoyin nan kuma ko da zanensu bai cinye ba sun bushe, ka canza su. Bayan tafiyar farko ka bar injin ya huce, ka cire fulogin ka riƙo mini shi in ga launinsa.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka.